Ranar da Tata Velile Ya Ƙi Jefo Mabuɗi

A unguwarmu ta KwaNobuhle, idan ka tambayi gidan Velile Ntanjana, sai an ɗan yi tunani kafin a ba ka amsa. Amma ka ce kana neman mutumin da aka rataye a bakin teku, ko yarinyar da aka aika sayen burodi za ta nuna maka ƙofar, tana dariya.

A farkon Disamba abin ya faru, a filin wasan Anti Merle Plaatjies da ke gaɓar tekun birnin Bhayi. Ina da rumfar soya kifi da dankali a gefen filin, don haka a idona aka yi. Anti Merle ta sayo wani sabon abin hawa wanda ba a taɓa gani ba a garin: hannun ƙarfe na mutum-mutumi, irin wanda ke walda a masana'antar motoci, sai dai a maimakon bakin walda an ɗaura masa kujeru biyu a ƙarshensa. Mutum ya zauna, a danne masa kafaɗu da ƙarfe, hannun ya ɗaga shi sama, ya juya shi, ya kife shi, ya girgiza shi, sannan ya sauke shi ya tafi yana tangaɗi yana murna. Tata Velile, wato Baba Velile a harshenmu, shi ne mai kula da shi. Da safiyar ranar, kamfanin da ya sayar da hannun ya turo sabuwar manhaja ta kwamfuta, wadda ita ce ke gaya wa hannun inda zai bi. Tata Velile ya ce ba ɗan kowa da zai hau sai shi ya fara hawa.

Ya hau shi kaɗai. Hannun ya ɗaga shi, ya yi juyi ɗaya, ya karkata shi gefe a tsayin rufin bene, sai ya tsaya cak.

Pumeza, wadda ke danna maɓallan, ba ta ruɗe ba. Ta yi abin da shi kansa ya koya mata: ta ja babban makunnin wuta, ta ɗauki jan kwaɗon da ke rataye a buɗe a gefen akwatin, ta datse makunnin da shi. Sai bayan kwaɗon ya yi ƙas ta tuna cewa na Tata Velile ne, mabuɗinsa kuwa yana wuyan Tata Velile, can sama.

Anti Merle ta fito daga ofis da gudu, gilashinta a goshi.

"Velile! Kana lafiya?"

"Lafiya lau, Anti. Ina ganin jiragen ruwa."

"Jefo mabuɗin mu kunna mu sauke ka."

"A'a."

"Me ka ce? Iska ta ɗauke maganarka."

"Na ce a'a! Kwaɗona ne. Ba mai buɗe shi sai ni."

"To ai kai kana sama, dattijon banza!"

"To a jira in sauko."

Kafin wannan lokacin masu yawo a gaɓa sun taru. Wani direban ƙaramar bas ya ɗaga murya ya ce, "Tata, in kawo maka shayi ko ka yi karin kumallo?" Wata mata ta ce a kira matarsa, ita kaɗai yake tsoro. Pumeza tana ƙasa tana haɗa hannuwa tana cewa, "Tata, don Allah, jini zai taru maka a kunne ɗaya." Shi kuwa yana kwance a gefensa kamar tunkiyar da aka ɗaure a bayan akori-kura, hannunsa ɗaya a ƙirji yana riƙe da igiyar mabuɗin, wai kada ta zame.

"Ban san abin da ya tsayar da shi ba," ya ce da ƙarfi. "In kun tashe shi, ban san inda zai nufa da ni ba. Ku kira 'yan kwana-kwana."

Su ɗin aka kira. Suka zo da doguwar motar tsani, suka ɗaure shi da igiya, suka saki ƙarfen kafaɗar da hannu, suka sauko da shi. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, bai nemi ruwa ba, bai nemi kujera ba. Akwatin wuta ya nufa, ya ja kwaɗon don ya tabbatar ya kama, sannan ya ce wa Pumeza, "Kin yi daidai, 'yata." Kafin azahar hotonsa ya zaga wayoyin garin.

Wanda bai yi aiki a masana'antar motoci ba zai ce taurin kai ne kawai. Taurin kai ne, ban musa ba, amma yana da asali.

Ni da Velile a layi ɗaya muka girma, kuma shekara ɗaya aka ɗauke mu aiki a masana'antar motoci ta garin Tinara, ni a sashen fenti, shi a sashen walda. Kusan shekara talatin ya yi yana kiwon waɗannan hannayen. Kowane ɗayansu yana cikin keji na waya, kuma doka ta farko da ake koya wa sabon ma'aikaci ita ce: muddin akwai wuta a jikin hannun, mutum ba ya shiga kejin. Hannun ba mugu ba ne, bai dai san bambancin ƙofar mota da haƙarƙarin mutum ba. In zai wuce ta nan, ta nan zai wuce. Saboda haka kowane ma'aikaci yana da kwaɗonsa da sunansa a jiki. Za ka shiga gyara, ka kashe wuta, ka datse da naka. In ku huɗu ne, kwaɗo huɗu. Ba a kunnawa sai kowa ya fito ya cire nasa da hannunsa. Ba ka ba wa abokinka mabuɗi, ba ka ba wa shugaban sashe, ko mai kamfanin ya zo daga Turai ba ka ba shi. Akwai wani dattijo, Oom Attie, a zamaninmu wanda ya taɓa ba da nasa don a yi sauri, shi ne aka dinga nuna wa sababbi abin da ya saura na hannunsa na dama, ba sai an yi dogon bayani ba.

Dukanmu mun bi dokar, amma Velile shi ya ɗauke ta ya kai gida. Matarsa, Mama Nosakhele, takan ce ita kaɗai ce a unguwar da sai ta nemi izini kafin ta canza ƙwan fitila. Ran da ɗansu ya shiga ƙarƙashin mota gyara, Velile ya zare mabuɗin motar ya sa masa a aljihu, ya zauna a gefe yana gadi har yaron ya fito. A coci, shi ke duba wayar lasifika kafin fasto ya taɓa.

Da kamfanin ya rage ma'aikata, mu biyu muna cikin waɗanda aka sallama. Ni na koma wa kasko. Shi ya zauna gida, kuma zaman bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba tashi kafin zakara ya koma share tsakar gidan da aka riga aka share. Ya nemi aiki a gareji-gareji, ana duba furfurarsa ana cewa za a kira shi. Mama Nosakhele ce ke ɗinkin kayan makaranta tana riƙe gidan, ga jikoki biyu a hannunsu. Ni na ji Anti Merle na neman wanda ya san irin wannan hannun, na kai shi.

Ba zan manta fuskarsa ba ran da ya fara ganinsa. Ya zaga shi a hankali, ya shafa jikinsa, ya ce wannan ƙanin wanda ya bari a Tinara ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai idonsa ya kai kan kujerun.

"Anti, waɗannan fa?"

"Na zaman mutane."

"A ina mutanen za su zauna?"

"A kai mana."

"A cikin kejin? Da wuta a jikinsa?"

"Velile, kuɗi za su biya su shiga."

Ya cire hularsa ya sake mayarwa. Duk rayuwarsa aikinsa shi ne hana mutum kusantar wannan abu, yau ga shi an ce ya ɗauki 'ya'yan mutane ya miƙa masa su a tafin hannu. Anti Merle ta nuna masa takardun da suka zo da shi, ta ce an ƙera shi don mutane, yana da birki biyu, yana da idanun na'ura da ke lura da komai, kuma irinsa suna aiki a manyan wuraren wasa na duniya. Ya saurara. Ya ce ya yarda da ƙarfen, don ya san ƙarfe. Abin da ke cikin kwamfutar ne ba ya iya gani. A masana'anta, in manhaja ta yi kuskure, ƙofar mota ɗaya ce ke lalacewa, a jefar da ita a ɗauko wata. Amma yana bukatar aikin, kuma ya ce in dai dole wani ya tsaya a wurin, gara shi. Ya zo da tsohon kwaɗonsa daga gida. Kowace safiya yakan ɗaure buhunan yashi biyu a kujerun, ya bar hannun ya yi wasansa da su kafin a buɗe ƙofa.

To, bayan ranar ratayar ne rigimar gaske ta fara.

Kamfanin da ya sayar da hannun suka ce ta waya a kashe a sake kunnawa. Velile ya buɗe kwaɗonsa da kansa, ya ɗora buhunansa, aka kunna. Hannun ya yi aiki kamar bai taɓa laifi ba. Aka yini ana gwadawa, ko tari bai yi ba. Washegari ma haka.

"Ka gani?" in ji Anti Merle. "Ya warke. Gobe mu buɗe."

"Me ya same shi?"

"Oho. Ya dai wuce."

"Abin da ban san abin da ya kawo shi ba, ban san ran da zai dawo ba, Anti. Buhu zai hau. Mutum ba zai hau ba."

Kada a ɗauka Anti Merle muguwa ce. Mace ce mai faɗa da saurin huce, wadda ta gaji filin daga mahaifinta, kuma ma'aikata da yawa suna ci daga gare shi. A tsakiyar Disamba masana'antu ke rufewa, kowa ya ɗauki iyalinsa ya gangaro teku, kuma abin da filin wasa ya samu a waɗannan makonni shi zai ci har shekara ta zagayo. Ga hutun ya kama, gaɓa ta cika maƙil, ga sabon abin hawanta yana ta wulwula buhunan yashi, yara sun manne da waya suna kallo. Har suna suka raɗa wa buhunan. Wata ƙaramar yarinya ta tambayi uwarta ko nawa buhun ya biya.

Ranar da haƙurinta ya ƙare, a gabana ta faɗa masa.

"Velile, na ɗauke ka lokacin da ba wanda ya ɗauke ka. Ko ka buɗe a ɗauki mutane, ko in sa a yanke kwaɗon nan, ka kwashi guntayensa ka tafi gida."

"Filinki ne, Anti," ya ce. "Amma ni ba zan buɗe ba."

Ya kashe wutar, ya datse, ya ja kujerar roba ya zauna a gefen akwatin.

Da yamma muka shiga bas ɗaya zuwa gida. Na raka shi ciki don in taya shi faɗa wa Mama Nosakhele. Tana kan keken ɗinki, ba ta ko tsayar da ƙafarta ba har ya gama.

"Wato za ka dawo ka ci gaba da share mini tsakar gida."

"Da alama."

"Ka san Janairu na zuwa, yara za su koma karatu, ka san takalman makaranta."

"Na sani."

Ta yanke zare da haƙori. "In na kawo maka jikokinka gobe, za ka ɗora su?"

"Ko kusa."

"To me kake tsaye kana kallona? Wanke hannu, ga umngqusho can, masara da wake, yana hucewa."

Kashegari Anti Merle ta kira wani mai gyare-gyare da babban almakashin yankan ƙarfe. Mutumin ya zo yana fito, ya sunkuya kan akwatin, ya ga jan kwaɗo da suna a jiki, ya ɗago ya ga mai sunan zaune yana shan shayi.

"Bhuti, ɗan'uwa, naka ne?"

"Nawa ne."

"Wane sashe?"

"Walda."

"Ni sashen haɗa injin." Ya mayar da almakashinsa cikin jaka. "Yi haƙuri, Anti. Ba a yanke kwaɗon mutum yana raye yana kallo."

Abin da Anti Merle ta manta shi ne, a garin nan duk wanda ya iya riƙe sifana ta ƙofar wata masana'anta ya bi. Ta kira mai walda, ya zo ya gaisa da Velile, suka tambayi juna labarin tsofaffin abokai, ya tafi. Ta kira mai gyaran wuta, shi bai ma sauko daga motarsa ba, ta taga ya hango launin kwaɗon ya ce yana da wani aiki. Daga ƙarshe ta juyo kaina, ta ce ai ni ma ina da hannu. Na nuna mata hannayena, duk mai ne da garin kifi, na ce almakashi zai zame.

"Dukanku ƙungiyar asiri ce!" ta ce. Ta ɗauki almakashin da ta aro da kanta, ta je gaban akwatin, ta tsaya. Velile bai motsa ba, bai roƙe ta ba. Ta dubi kwaɗon, ta dubi yaran da ke jikin waya. Sai ta jefar da almakashin a kan yashi, ta ce in dai za ta talauce, gara ta san dalili, ta shiga ofis ta ɗauki waya.

Wadda ta zo injiniya ce, Rushda Abrahams, matashiya daga unguwar Malabar, wadda aikinta shi ne manhajar irin waɗannan hannaye a masana'antun garin. Kafin ta taka cikin kejin ta zaro nata kwaɗon daga jaka, kore, ta maƙala kusa da nasa. Daga nan Velile ya fara kiranta 'yata. Ya zauna ya ba ta nasa bayanin: iskar teku ce, gishiri ya shiga ƙwaƙwalwar abin, ko kuma hannun ya tuna asalinsa ne yana neman ƙofar da zai yi wa walda.

"Tata, ba ya tuna komai," ta ce tana dariya. "Gaya mini dai, yaya kake gwada shi?"

"Buhu biyu, kowace safiya, ban taɓa fashi ba."

"Ran da ka hau fa, wa ke kusa da kai?"

"Ba kowa."

"To cire buhu ɗaya."

Aka cire. Aka kunna. Hannun ya ɗaga, ya yi juyi, ya karkata, ya tsaya cak a daidai inda ya tsaya da shi. Velile ya dafe kai. Duk kwanakin nan yana gwaji, ashe gwajin da ba zai taɓa nuna komai ba yake yi. Rushda ta ce sabuwar manhajar ce: in kujera ɗaya babu kowa kuma hannun ya karkata, sai ta ɗauka ƙarfen kafaɗa ya buɗe, ta tsayar da komai. Tsayawar ba laifi ba ce, in ji ta, abin da ya kamata ya yi ke nan in yana shakka. Abin da take son gani shi ne abin da zai yi in an tashe shi daga nan.

Aka kashe, aka kunna, aka danna maɓallin sauka. Karon farko ya sauko salin-alin. Anti Merle ta buɗe baki za ta yi magana, Rushda ta ce a sake. Ana cikin maimaitawa, sai a wani karo hannun ya fizgi kansa gefe kafin ya fara sauka, fizga ɗaya tak, amma ɗinkin buhun ya ɓalle, yashi ya zubo daga sama kamar ruwa.

Ba wanda ya yi dariya.

"Ban ce da ya mutu ba," in ji Rushda a hankali. "Amma wallahi wuyansa ba zai gode muku ba. In yaro ne kuwa, ban sani ba."

Anti Merle ta daɗe tana kallon yashin. Sannan ta juya ta ce wa Velile, "Kai kuma da kake gwaji da buhu biyu kamar wani gwani." Iyakar haƙurin da ta ba shi ke nan, shi ma iyakar wanda ya nema.

Gyaran ya ɗauki lokaci. Rushda ta aika wa kamfanin abin da ta gani, suka gyara suka turo, ta ƙi yarda sai da ta gwada da buhu ɗaya, da biyu, da babba da ƙarami, da babu komai. Mai duba lafiyar injuna ya zo ya yi nasa. Kirsimeti ya wuce hannun bai ɗauki kowa ba, kuma Anti Merle ba ta ɓoye wa kowa cewa ta ji a jikinta ba. Velile ya tambayi Rushda ko yanzu za ta rantse ba zai sake ba. Ta ce ba mai rantsewa a kan manhaja, abin da za ta iya shi ne ta tabbatar in ya rikice zai tsaya, kuma akwai hanyar sauke mutum da hannu ba tare da an tashe shi ba. Ta koya musu hanyar, shi da Pumeza. Ya ce wannan amsar ta fi masa rantsuwa.

Ana gab da sabuwar shekara aka buɗe. Da safe Anti Merle ta zo da leda, ta zazzage kwaɗuna a kan tebur, kowanne da suna: na Pumeza, na mai shara, har da nata. Ba ta sake zancen sallama ba. Mama Nosakhele ta zo da jikokin cikin kayan coci, su ne a gaban layi, kuma kakansu ya duba ƙarfen kafaɗarsu har babbar ta ce, "Tatomkhulu, kana ba mu kunya."

Yana nan har yau. Ya ƙara furfura, ya ƙara buhuna. Tsokanar kuwa ba ta mutu ba. Ranar Asabar da ta wuce wannan direban bas ɗin ya zo da 'yarsa, yana hango shi ya haɗa hannu a baki ya ƙwala, "Tata Velile! Jefo mabuɗi!" Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya.

Velile ya gama ɗaure wanda yake ɗaurewa, sannan ya juyo.

"Ku yi dariyarku, ni ma na ga hoton, ban yi kyau ba. Amma ni aka rataye, ba 'yarka ba. Miƙo ta nan, ka je ka sayi tikiti, dariyar ce kawai kyauta."